Shatin Yatsu a Hannun Dogo

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Zan rubuta abin da na gani yau da safe, don rana ba ta kai tsaka ba na ji an fara canza masa kama. Aji huɗu na yi a makaranta, rubutuna ba kyau, amma idona lafiya lau.

Wanda zai karanta wannan ba lallai ya san aikinmu ba. Hatimi muke yi, da farantan roba da ake buga rubutu da su a jikin kwali. Da wani ruwa mai kauri muke yinsu, muna ce masa zuma saboda kalarsa da yadda yake zuba. A ƙarƙashin fitila rawaya sai ya shekara yana ruwa. Amma da ya ga hasken rana, ko fitilun akwatin da muke gasa shi, sai ya daskare ya zama roba, kuma yana daskarewa yana ɗaukar zafi. Shi ya sa aka manne tagoginmu da leda rawaya. Shi ya sa abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne, kada ka fita tsakar gida da zuma a jikinka, wanke tukuna.

Ni ne mai ƙirga lokacin gashi. Agogo suke ce mini.

Tara da kwata mai kamfanin sabulu ya dawo da farantai shida. Sun yi laushi, in an danna rubutun sai ya kwanta. Manaja ya ce ma'aikata ne ba sa ba gashin lokacinsa. Dogo, da ya shekara tara yana zuba zuma a gidan nan, ya ce a gaban baƙon, "Yallaɓai, ba lokaci ba ne. Fitilun akwatin ne suka gaji, tun bara nake faɗa. Hasken bai isa ba."

Manaja ya yi murmushi. Ya raka baƙon har mota, ya jira aka rufe get. Sannan ya dawo.

"Hasken bai isa ba ko? Zo in nuna maka haske."

Ya shaƙo wuyan rigar Dogo, ya cusa hannunsa na dama a bokitin zuma har gwiwar hannu, ya ja shi waje. Dogo tsawo ne kawai, ba nauyi. A tsakar gida aka riƙe masa hannun, aka miƙa shi ga rana.

Ina wajen wanki. A kusurwar taga akwai inda ledar ta ɓare kamar faɗin tafin hannu, ta nan na gani. Bakina ya fara ƙirga da kansa, ban sa shi ba. A arba'in ƙyallin zumar ya dushe. A saba'in Dogo ya fara ihu, ban taɓa jin babban mutum ya yi irin wannan ihun ba. A ɗari da hamsin aka sake shi. Manaja ya sa farce a bakin robar ya fizgo ta ƙasa kamar mai cire safa. Ba ita kaɗai ta fito ba.

Dogo ya rarumi ƙarfen da muke tokare ƙofa da hannun hagu, ya sauke wa Manaja a gira. Jini ya rufe masa ido ɗaya.

Ni ban fita ba. Akwai zuma a hannuna, sai na tsaya wankewa. Na wanke da sabulu sau biyu kamar yadda aka koya mini, har tsakanin yatsu. Da na fito an gama.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

'Yan sanda sun tafi da Dogo asibiti. Manaja ne ya kira su.

A gida Inna ta ce me ya same mu, muka shigo kamar waɗanda suka dawo daga jana'iza. Yayana, wanda shi ne shugaban ɗakin gashi, shi ya kai ni aikin ma, ya ce hatsari aka yi. Ya ci loma uku ya tashi.

Talata, ƙarfe goma na safe

Manaja ya tara mu da filasta a gira. Ya ce Dogo ne ya kai masa hari da ƙarfe, garin kokawa ya faɗa bokiti, ya ruga waje bai wanke ba. Ya ce wanda ya ga wani abu daban ya ɗaga hannu.

Mu goma sha ɗaya. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Mutumin da ya shekara tara a ɗakin rawaya, ko gobara ce ta tashi sai ya wanke kafin ya fita. Duk wanda ke ɗakin nan ya san haka. Ɗan sanda bai sani ba.

Tsoho mai wanki ya raɗa mini, "A yi haƙuri, Mai gida ya yi tafiya. Ya dawo zai gyara, shi ba ya son zalunci." Mai wannan kamfani namu yake nufi.

Sha biyu saura aka kawo sababbin fitilu, kwali biyu. Ni aka sa na ɗaura.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Gashi yanzu sakan ɗari da goma ya isa. Farantan sun fito da tauri. Dogo ya yi gaskiya.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Mai gadi ya yi magana a teburin mai shayi. Ban san me ya faɗa ba, ban san wa ya kai wa Manaja maganar ba. Da rana wasu mutum biyu da ba ma'aikatanmu ba suka shigo da shi ɗakin ajiya suka rufe. Muna aiki muna ji. Bel ne, na gane ƙararsa, daga baya kuma wani abu mai nauyi. Injin wanki yana ƙara amma bai rufe ba.

Ya fito yana riƙe da haƙarƙari, haƙori ɗaya a tafin hannunsa, yana kallonsa kamar wani ne ya ba shi ajiya. Na kai masa ruwa. Ya ce, "Agogo, ni ban ga komai ba. Ka ji ko? Ni makaho ne aka ba gadi."

Na ce na ji.

Na wanke hannu yau ya fi sau ashirin. Fatar ta fara tsagewa.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na je asibiti. Gado na ƙarshe, kusa da taga. An sa wa Dogo ankwa a hannun hagu an haɗa da ƙarfen gado. Ɗan sandan da ke tsaronsa yana kan benci yana danna waya.

Da ya gan ni ya ce, "A'a, Agogo sarkin ƙirga! Zo ka ƙirga mini kwana nawa zan yi a gashi." Ya yi dariya shi kaɗai. Matarsa tana zaune da goyo, babbar 'yar tana wasa da murfin kwalba a ƙasa. Matar ba ta amsa gaisuwata ba.

Ina nan nas ta zo canza bandeji. Ta ce in fita, Dogo ya ce, "Bar shi, ma'aikacin gidan ne, ya ga aikin gidansu."

Daga gwiwar hannu zuwa bayan hannu ja ne jawur, wani wajen fari, yana ruwa. Ya cije matashi da ta taɓa. Amma a wuyan hannun akwai inda fata take lafiya ƙalau, baƙa, har da gashinta. Layi huɗu a sama, ɗaya mai kauri a ƙasa.

Nas ta ce, "Abin mamaki, nan wutar ta tsallake."

Ba mamaki. Haka muke yin hatimi. Muna ɗora baƙin fim a kan zuma, inda fim ya tare haske ba ya daskarewa, ba ya zafi, sai a wanke ya tafi. Inda yatsu suka riƙe Dogo rana ba ta shiga ba. Hannun da ya riƙe shi ya buga kansa a jikinsa.

Layi na uku rabi ne. Ya tsaya a hanya, bai kai sauran ba.

Dogo yana kallona ina kallon hannun. Ya ce, "Ka gaida Inna."

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Yatsan Yaya na kusa da ƙarami rabi ne. Injin yanka ya cinye shi ina shekara goma, a shekarar da Baba ya rasu ya bar makaranta ya kama aiki. Ni nake riƙe masa kofi lokacin da yake jinya.

Tun Litinin hannun nan yana naɗe da tsumma. Ya ce wa Inna ruwan zafi ne.

Na rubuta an riƙe, an miƙa, an saki. Na san wa ya riƙe tun a ranar. Alƙalamin ne ya ƙi.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Ba komai. Aiki. Tsoho ya ce Mai gida sai mako mai zuwa.

Talata, ƙarfe uku na rana

Sha ɗaya da 'yan mintoci ƙannen Dogo biyu suka zo da abokansu, sun kai goma, da gora da sanduna. Mai gadi bai ko tashi ba. Manaja ya haye sama ya kulle.

Ba mu suka fara duka ba, tagogi suka fara. Dogo ya sha ba su labarin aikin, sun san inda zai yi ciwo. Gilashi ya zube, ledar ta yage, rana ta shigo ɗakin rawaya karo na farko tun da aka gina shi. Ashe bangon kore ne. Shekara huɗu ina ciki ban sani ba.

Wani ya yi ihu, "Durom! A rufe durom!" Mu duka muka bar ƙofa muka yi kan zuma. Tsoho ya tuɓe rigarsa yana rufe bokiti aka sauke masa gora a ka, ya durƙusa, bai saki rigar ba. Ni na kwanta a kan babban tire da kwali. Sanda uku na sha a gadon baya. Wanda ya dake ni yana kuka yana cewa, "Kuna kallo! Kuna kallo aka gasa shi!"

Yaya ya tsaya a tsakiyar ɗaki hannu a sake. Ƙaramin ƙanen Dogo ya zo gabansa da gora a sama, ya ce, "Yaya, kai ma ba ka hana ba?" Ya sha cin abinci a gidanmu. Ya sauke gorar ya wuce, ya fasa akwatin haske da ita.

'Yan sanda sun kama biyun. Yanzu 'yan gida ɗaya uku ne a hannu.

Mutane sun zo da sanda, mu muka kare roba da bayanmu. Na daɗe ina tunanin wannan.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Yini muka yi da kurfi da guduma muna ɓamɓare zumar da ta daskare a ƙasa. A ciki akwai shatin takalma, da tabarau na Tsoho, da jini kaɗan ya shiga ciki ya zauna kamar ƙuda a alewa. An yi wa Tsoho ɗinki shida. Bai ƙara cewa a yi haƙuri ba, amma ya ce a bari dai Mai gida ya dawo.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Ina rubutu da ido ɗaya.

Na sami Yaya a bayan gida wajen famfo, ya kwance tsumman yana wanke hannun. Gefen kowane yatsa ya ƙone, siriri, kamar an zana da biro. Na ce, "Yaya, na ga hannun Dogo."

Bai juyo ba. "To?"

"Yatsunka suna jiki. Har da rabin."

Ban ga tahowar marin ba. Na biyu na gani, ban kauce ba. Ya haɗa ni da bango, ya yi ta naushi da hannun nan mai ciwo, jininsa da nawa suka haɗu a rigata. Na faɗi ya sa ƙafa. Yana duka yana magana.

"Wa ya ciyar da kai? Wa ya saya maka takalmin farko? Manaja ya ce in riƙe, na riƙe! Na ɗauka sakan goma ne, tsoratarwa! Da na ji zafin a yatsuna na so in saki, ya ce in na saki ni ne na biyu. Kai da kake da baki yanzu, ina kake? Ina kake?"

Na ce, "Ina wanke hannu."

Sai ya daina. Ya zauna a ƙasa cikin ruwan famfo ya dafe kai.

Inna ta fito da ludayi a hannu. Ta dube ni, ta dube shi. Matar Yaya tana bayanta da cikinta wata bakwai. Inna ta ce, "Ƙato da ƙato, a gaban maƙwabta." Ba ta tambayi dalili ba. Inna ba ta taɓa ƙin tambayar dalili ba sai yau.

Asabar

Ban je aiki ba. Haƙarƙari.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ya ajiye mini maganin shafawa a bakin ƙofa. Bai shigo ba.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Mai gida ya dawo. Ya zagaya ya ga tagogi, ya dafa kan Tsoho, ya ce a kai Mai gadi wajen likitan haƙori a motarsa. Mutane har sun fara sakin fuska. Sannan ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ofishinsa na sama, mai tagar da ke kallon tsakar gida.

Ya ba ni kujera. Ya ce, "Agogo, ɗana, wa ya yi maka haka a ido?" Na ce faɗuwa na yi. Ya ce, "Gidan nan kowa faɗuwa yake yi." Ya girgiza kai. "Ba na nan aka yi wannan ɓarna. Da ina nan, wallahi da ba a kai haka ba. Manaja ƙanin matata ne, amma zan yi maganinsa a cikin gida. Yanzu dai a kashe wutar waje tukuna."

Ya turo mini takarda. An buga da inji, an bar wajen sa hannu. Ta ce Dogo ya kai hari, ya faɗa bokiti, ya fita da kansa. Tara sun riga sun sa. Na ga na Yaya, na uku.

Na dubi fuskar Mai gida na ƙirga har talatin. Ko gezau.

Na ce, "Ranka ya daɗe, karatuna ba sauri. A ba ni in je gida in bi ta a hankali."

Ya yi dariya. "Mai haƙuri. To zuwa Juma'a."

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Asibiti. Litinin za a kai Dogo kotu, shi da ƙannensa. Likita ya ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasa ba.

Yau bai yi wasa ba. Ya ce ya faɗa wa 'yan sanda Manaja ne ya tsoma shi ya riƙe shi a rana. Suka yi dariya, suka ce mutum ɗaya, gajere, mai tumbi, ya riƙe ƙato kamarka minti biyu da rabi kana tsaye? Suka rubuta ƙarya yake yi.

Na ce, "Me ya sa ba ka ce su biyu ne ba?"

Ya ce, "Shekara tara kwano ɗaya muke ci da yayanka. Ranar da aka haifi wannan," ya nuna babbar 'yar da haɓa, "shi ya kai uwarta asibiti a bayan mashin ɗinsa. Kuma matarsa ta kusa."

Matar Dogo ta miƙe tsaye da goyon. Ta ce, "Ka ji ko? Ka ji irin mijin da Allah ya ba ni? Za a ɗaure shi don kunyar gidanku. Shi yana jin kunyarku, ku ba ku ji tasa ba. Ka zo da lemo! Lemo za mu ci shekara biyar?" Ta ɗauki ledar ta jefe ni da ita. Lemon ya watse ƙarƙashin gadaje, ɗan sandan ya tare ɗaya da ƙafa ya ɗauka.

Nas ta ce fatar tana warkewa, nan da kwana goma sabuwa za ta rufe, shatin zai fara ɓacewa. Ta faɗa ne don ta faranta mana.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Kwana goma.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa wa Inna tana tsintar shinkafa. Na faɗa mata duka, daga bokiti har asibiti. Hannunta bai tsaya ba sai da na kai wajen rabin yatsa.

Ta ce, "Auta, 'ya'ya biyu gare ni."

Na ce, "Matar Dogo ma biyu gare ta, Inna."

Ta ce, "Kada ka yi mini wayo a gidana." Ta ci gaba da tsinta, tana zubar da mai kyau tana barin tsakuwa. Can ta ce, "In ka ƙudura, to ka faɗa masa da bakinka kafin ka je. Kada ya ji a bakin ɗan sanda. Abin da zan iya ce maka ke nan, kada ka nemi albarka a kai."

Na sami Yaya yana gyaran mashin. Na ce gobe da safe zan je wajen 'yan sanda. Ya ci gaba da ɗaure noti har ya gama. Ya ce, "In ka je, ba ni ba kai."

Na ce, "To, Yaya."

Ya ce, "To kawai?"

Na tsaya ko zai sake duka. Bai yi ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na je ofishin 'yan sanda tun bakwai. Na zauna a benci har goma, aka ce Sufeto ba ta da lokaci. Na ce zan jira. Sha ɗaya aka ce in dawo Litinin. Na ce zan jira. Sha biyu saura ta fito da kanta ta ce wane ne wannan da ya manne a benci.

Na tafi da zuma a kwalbar magani na naɗe da baƙar leda. Na san in na yi bayani da baki ba za ta gane ba, ba ni da bakin. Na ce ta fito waje minti uku. Na zuba zumar a murfin gwangwani, na ɗora makullinta a kai, na ajiye a rana. Na ce ta taɓa gefe. Ta taɓa ta janye hannu da sauri, ta ce, "Kai!" Da na ɗaga makullin, ko'ina ya yi tauri, ƙarƙashinsa kuwa ruwa, siffarsa sak, har haƙoran.

Na ce, "Haka yake a hannun Dogo. Yatsu biyar, ɗaya rabi. Wanda ya faɗa bokiti ya gudu da ƙafarsa ba ya fitowa da hannun wani a jikinsa."

Ta ce, "Hannun wa?"

Na faɗa.

Ta ce, "Yayanka uwa ɗaya?" Na ce uba ɗaya ma.

An je ɗaukarsa ba a sha wahala ba. Ɗan sandan ya ce a bakin ƙofa suka same shi zaune, ya sa takalmi, ya kwance tsumman hannun. A asibiti Sufeto ta sa nas ta buɗe bandeji, ta ce Yaya ya kawo hannunsa kusa, kada ya taɓa. Ya kawo. Kowane yatsa ya sami ɗakinsa. Dogo ya juya fuska bango. Yaya ya ce, "Dogo." Bai dube ni ba ko sau ɗaya, har aka fita da shi.

Sufeto ta ce a cire wa Dogo ankwar. Ta ce maganar ƙarfen da ya buga tana nan, amma yanzu wata magana ce daban. Matar Dogo ta riƙe hannun hagun tana murza inda ƙarfen ya ci. Ni ma ba ta dube ni ba.

Da muka koma ofis an riga an kawo Manaja, yana zaune yana zufa. Mai gida ma ya zo da lauyansa. Ya tashi ya gaida Sufeto hannu biyu, ya ce shi gaskiya yake so, ko a kan wa ta faɗa, ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ba ya gari aka yi. Ya juyo ya ce mini, "Ɗana, ka yi abin kirki. Faɗi komai, kada ka ji tsoron kowa."

Sufeto ta ɗauki biro. Ta ce, "Bayan kai da waɗanda suka yi, wa kuma ya gani da idonsa?"

Na ce Mai gadi ya gani, yana bakin get, shi ya sa ba shi da haƙori ɗaya yanzu. Na ce Tsoho mai wanki ya gani ta ƙofa, daga saba'in zuwa ƙarshe.

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Saura ɗaya. Yana tagar ofishin sama da kofi a hannu. Ya ɗaga labule a talatin, bai sake shi ba sai a ɗari da hamsin. Da rana ya yi tafiyar, ta ƙofar baya."

Ta ce, "Wa?"

Na ce, "Ga shi nan zaune. Mai gida."